Ma'aunin Zafi a Saman Randa

Zuwa ga Kellu, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, kindirmon da ba a surka ba, uwargidana kuma malamar gidana. Shekara talatin da ɗaya bakina bai kira sunanki a gaban mutane ba, amma takarda ba ta da kunya, shi ya sa na rubuta shi ɓaro-ɓaro. Ya gajiyar karatu? Mutanen Hausari suna gaishe ki. Tunkiyarki ta haihu, biyu.

Tun da kika tafi jami'a neman digiri na biyu gidan nan ya yi mini yawa, kamar rigar aro. In na yi tari babu mai ce mini sannu. Wa ya taɓa gaya mini cewa tsoho ma yana ƙirga kwanaki kamar ango?

Ga dalilin da ya sa na ɗauki biro ban kira waya ba. Kina saurin gane muryar mai laifi, ni kuma ina so in kai ƙarshen maganata.

Da aka amince da furofozal ɗinki na bincike, kin ce tambayar ɗaya ce: da nawa ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin bulo mai kwano sanyi, don masu gini su san yadda za a yi gidan da ba ya jiran wutar lantarki. Kika bar mini ma'aunin zafi biyu da littafi, ɗaya na ɗakin marigayiya Inna, ɗaya na ɗakin bulo, in rubuta lambar kullum ƙarfe biyu na rana har kwana talatin. Kika ce in rataye su a tsakiyar ɗaki, daidai ƙirji, kada in taɓa komai. Na ce to, irin to ɗin nan ta maza da ake yi da kunne ɗaya.

Kin san a ɗakin Inna nake ƙailula. Tun ina yaro ba a kwanciya a ciki sai an yayyafa wa ƙasa ruwa bayan azahar, hannuna da kansa yake yi. Ma'aunin kuwa, na ɗauke shi baƙo ne da ya fito daga hannunki, ba a barin baƙo a tsaye tsakiyar ɗaki, sai na rataye shi a ƙusar da ke saman randa, inda Inna ke zaunar da manyan baƙi. Na ɗakin bulo na maƙale shi a tagar yamma don in karanta daga waje. Wa zai shiga wannan tanderu da rana tsaka? A haka na cika kwana talatin, na tura miki lambobin.

Ranar Asabar na je shagon kwamfuta a Dogo Nini aka buga mini takardar seminar da kika turo. Na sa tabarau ina karantawa ina washe baki, har na zo shafi na shida, inda kika rubuta cewa an rataye ma'aunan a tsakiya, babu ruwa a ɗakunan. Ƙarƙashinsa ga bambancin maki tara, da sunanki a sama. Sau uku na karanta layin. Na fitar da randa, na mayar da ma'aunan inda kika ce, na hana hannuna yayyafi. Kwana uku ke nan, bambancin biyar ne.

Kin tuna shekarar aurenmu, da motar haya ta lalace mana kusa da Damagum, wata tsohuwa ta shigar da mu ɗakinta? Ni ruwa na nema. Ke kika ɗora tafin hannu a bango kika daɗe, sannan kika tambaye ta kaurinsa kamu nawa ne. Tsohuwar ta kalle ni da tausayi. A ranar na san na auri mai tambaya, kuma ban taɓa nadama ba, ya farin watana, ya sanyin ƙirjina.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu ina shawarar yin shiru. Ban da ni da randa babu wanda ya sani. Da kin gabatar da takardar ranar Alhamis, Juma'a kina gida. Amma ki tsaya gaban malamai ki faɗi ƙaryata da muryarki, gobe wani ya yi gini a kanta? Gara kewa.

Roƙona shi ne ki je wurin malamin da ke duba aikinki ki nemi a ɗaga seminar wata guda. Ki ce mijinki ne, zai gane, shi ma mijin wata ne. Akwai sauran zafi kafin damina ta sauka, kuma na riga na buɗe sabon shafi. Na koma ƙailula a zaure, ina shan zafin da na jawo wa kaina. Wata guda babu ke ya fi zafin nauyi, amma ni na saya.

In faɗa za ki yi, ki kira bayan la'asar, zan kasance a zaune, da kunnuwa biyu.

Naki jiya da yau, kuma naki har ranar da za a kai ni ɗakin ƙasar da ba a auna zafinsa,

Ari Zarami
Hausari, Potiskum