Uku a Bayan Rumfar Mai Shayi

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da ranka ma ba kowace takardata kake karantawa ba, sai in rubuta maka kayan miya ka dawo mini da rabi, ka ce rubutun Fulani ne bai karantuwa. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma idan ban fara faɗa maka ba, ba zan iya faɗa wa kowa ba.

Na fita takaba sati uku ke nan. Iya, mahaifiyarka, ta hana ni komawa gidanmu. Ta ce ta bar gidanta a Borno, ta rasa ɗanta a Gombe, ba za ta rasa 'yarta da jikarta ba. Ni ce take kira 'yarta. Ummi ta fara tafiya, tana bin bango kamar kai lokacin da ka dawo daga hannun hukuma. Unguwarmu Barunde tana nan yadda ka bar ta. Har yanzu sai an shafa wa mutum na'ura a ƙofar masallacin Juma'a, har yanzu in baƙo ya tsaya da jaka a bakin layi sai kowa ya ja yaransa ciki. Maƙwabciyarmu da ta daina amsa gaisuwata ranar da aka tafi da kai, yanzu kullum sai ta aiko da kunu. Ban san me take so ta ji ba. Ina karɓa, ina godiya, ba na buɗe mata baki.

Babban labarin shi ne Iya ta fasa auren ƙanwarka Yagana da abokinka Isiyaku. Ta aika garin Kwadon wajen iyayensa su zo ranar Asabar su kwashe kayan auren da suka kawo. Ta ce shi ya sayar da kai. Hujjarta, an sha ganinsa yana shiga ofishin mutanen da suka kama ka yana fita lafiya, kuma shi kaɗai ne bare da ya san abin da ke cikin kwamfutarka. Yanzu ko a kasuwa ba mai zama a bencinsa. Yagana ta rame.

Baban Ummi, ba Isiyaku ba ne. Ni ce.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, don ban taɓa faɗa ba. Ka san tun farko ban yarda da gem ɗin nan naka na kwamfuta ba. Mutum da gemunsa, mai shagon gyaran waya, ya dawo gida ya zauna gaban allo, ba a ganin kowa sai hannu da bakin bindiga suna yawo a lungu. Ka yi mini bayani ya fi sau goma. Ka ce mutum ɗaya ke bugawa, shi kaɗai da dodanni. Ka ce waɗanda suka ƙirƙiro shi sun bar wa masu sha'awa dama su gina nasu matakin, su ɗora a intanet kowa ya buga. Ka ce duk masu ginawa masana'antu da jiragen sama suke yi, kai kuwa sai ka sa Bature ya ɓace a tashar motar garinmu, ya rasa hanyar fita tsakanin mai tsire da mai rake. Na yi dariya a lokacin. Ban ji komai ba sai cewa mijina yana wasa kamar yaro.

Abin da ba ka faɗa mini ba shi ne kana zuwa tashar kana auna ta da ƙafa. Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Daga baya Isiyaku ya ce haka kuke yi, wai in ba a ƙirga taku ba, ƙofa sai ta fito kamar ta ƙato, rumfa kamar akurki. To, a wane gari? A wane lokaci? Babarbare, da tsagen Barebari a fuska, yana zagaya tasha yana ƙirga taku yana rubutawa, a shekarar da ake tsince mutane saboda sun tambayi hanya sau biyu. Wallahi wani lokaci haushinka nake ji fiye da kewarka.

Sai bam ya tashi a wata tasha a cikin gari. Ba wadda ka zana ba ce, amma ni a lokacin ban tsaya bambancewa ba. Bayan kwana shida ina gyaran ɗaki da hantsi, na ɗaga katifa ta gefenka na ga ƙaramin littafi. Na ɗauka wasiƙun wata ne, ka san halina. Da ma su ne. Na buɗe na ga zanen tasha, ƙofar shiga, ƙofar fita, tankin ruwa, masallaci. Ga rubutun hannunka a gefe. Uku a bayan rumfar mai shayi. Biyu a saman tanki. Harsasai a ƙarƙashin benci. Ƙofar fita ta zauna a rufe har sai an gama da kowa.

Na zauna a ƙasa. Duk maganganun da dangina suka yi lokacin da Iya da Yagana suka iso daga Borno da kayan jikinsu kaɗai suka dawo mini. Wa ya san da wa kuke waya? Wa ya san su wane ne abokan naka na intanet masu sunaye kamar na aljanu? Me ya sa littafin yake ƙarƙashin katifa? Yanzu na san don Ummi ce, ta yaga maka na farko. A ranar ban tuna ba.

Ka dawo da azahar ka ci tuwo, ka yi wa Ummi wasa, ka tsokane ni cewa Bafulatana ba ta iya miyar kuka ba. Tambaya ɗaya ce tsakanina da gaskiya, ban yi ta ba. Tsoro nake ji kar ka amsa mini da abin da ba zan iya ɗauka ba. Washegari na ce za ni awon Ummi, na hau keke zuwa unguwar Federal Low-Cost, na kai wa wana, Yaya Sani, littafin. Na ce ya duba mini kawai, shi da ya san mutane. Ya juya shafukan, ya sa a aljihu, ya ce in koma gida in yi shiru. Kwana huɗu bayan nan mota ta tsaya a ƙofarmu da safe, aka tafi da kai. Har yau Yaya Sani yana rantsuwa cewa shawara kawai ya nema wajen wani. Ban yarda da shi ba. Tun ranar jana'izarka bai iya haɗa ido da ni ba.

Wata biyu ka yi a hannunsu. Ka san wanda ya fito da kai? Isiyaku ne. Shi ya yi ta sintiri yana roƙo a bar shi ya kunna kwamfutar da suka ƙwace. Ana korarsa yana komawa. Ranar da suka yarda, ya zauna a gabansu ya buga matakin naka daga farko, littafin a buɗe a gefe, yana nuna musu layi bayan layi. Wannan shi ne shiga da fitar da Iya take ƙirga masa. Ya roƙe ni kar in faɗa mata abin da ya kai shi wajensu, don kar ta tsorata. Ni kuma na kama wannan roƙon na ɓuya a bayansa.

Ka dawo da tari da kumburin ƙafa, ba ka ƙara komawa shago ba. Ba ka taɓa tambayar ina littafinka ya shiga ba. Wannan ne abin da yake hana ni sukuni. Mutumin da in aka taɓa masa sukurudireba sai ya tambayi gidan nan kaf, a ce littafinsa ya bar ƙarƙashin katifarsa ya je hannun hukuma, bai ce uffan ba?

Sannan ranar nan da la'asar, sati biyu kafin ka cika, ka kira ni ka ɗora mini kwamfutar da suka mayar maka a cinya. Ka ce ka gama matakin, saura a gwada, kuma ƙa'ida ce sai wanda bai taɓa gani ba zai buga, mai ginawa ya zauna a baya ya yi shiru, ya ga inda mutum zai ɓace. Ka nuna mini maɓallan tafiya da na harbi. Na shiga tashar. Ga tankin, ga bencin, har da buta a ƙofar masallaci. Na nufi rumfar mai shayi, na san abin da ke bayanta. Kafin su fito na riga na juya bindigar can. Suka fito su uku, jajaye masu ƙaho, ko kama da mutane ba su yi ba. Na wuce kai tsaye na duƙa ƙarƙashin benci na ɗauki harsasai, ba wanda ya nuna mini.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Wanda bai taɓa gani ba ba ya sanin inda harsasai suke. Na ji numfashinka a bayana. Ba ka ce komai ba.

Shirun ƙa'ida ne, ko shirun wanda ya samu amsarsa? Da gaske gwaji kake so, ko tarko ka ɗana mini? In ka sani, me ya sa ka ci gaba da karɓar magani daga hannuna, kana ce mini sannu? In yafewa ce, me ya sa ba ka furta ba, in samu abin riƙewa? Na juya wannan la'asar ɗin a raina ta kowace fuska. Wata rana in ce ka yafe, wata rana in ce ka bar ni da shi ne da gangan. Ina sonka, Bukar, ban taɓa kiran sunanka a gabanka ba sai yau. Ina sonka kuma na zarge ka da kashe mutane, duka biyun gaskiya ne.

Jibi ne Asabar. In na yi shiru, mutanen Kwadon za su zo su kwashe kayansu, mutumin da ya fito da kai zai tafi da sunan maci amana har ƙarshen ransa, ni kuma in ci gaba da zama 'yar Iya. In na yi magana, ban san abin da zai rage mini a gidan nan ba. Wataƙila ta ce in bar mata Ummi in fita. Wataƙila ta yi shiru irin naka, wanda ya fi mini ciwo. Yaya Sani zai ce na tona masa asiri, ya ce ɗin.

Iya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, Yagana tana kusa da ita. Gara su ji tare. Zan ajiye biron nan in wanke fuskata in fita, kafin in samo wani dalilin jira, don na iya samo dalili.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka abin da aka yi maka, har da wanda na yi. Sai mun zo.

Matarka, wadda ta kai littafin,
Hadiza