Taguwar da Na Goge

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Yau na buɗe bulog, shafina na kaina a intanet. Shekara huɗu da lisans, digirina na farko, a sosiyoloji, ga abin da na haifa.

Shawarar Zalika ce. Tare muka yi jami'a a Maradi, ita yanzu tana aiki da wani poroje na ƙungiyar agaji, tana da buro, ofis nata na kanta, da kujera mai juyawa. Ta ce dosiyena na neman aiki ba ya motsi ne don babu abin da za a latsa a gani. "Ki ƙirƙiro wani abin taimakon al'umma, ƙawa, ko da na ado ne."

To, a Dakoro abin da al'umma ta fi iyawa shi ne ɓatar da bisashe da neman su. Na sa masa suna Cigiyar Dakoro. Wanda dabbarsa ta ɓata ya aiko hoto, ni in saka. Ba son awaki nake ba. Barin garin nan nake so.

Laraba, 4 ga Satumba

Kwana biyu ina zaɓen launi, saboda mutanen da gilashin salularsu ya tsage gida bakwai. Na sa ruwan ƙasa, na cire, na sa shuɗi. A can sama na liƙa hotona na ranar karɓar dipilom a jami'a, don masu ɗaukar aiki su ga fuskar mai tausayin. Sannan na haɗa shi da shafin Fesbuk: duk abin da na saka a bulog zai fita can da kansa, daga can kuma mutane su kwasa zuwa Watsab. Duk wannan a tsaye na yi shi bakin bayi, nan kaɗai rezo, wato sabis ɗin salula, ke kamawa a gidanmu.

Yaya Sha'ibu ya leƙa ya yi dariya. Wai Jimrau mai shela zai kai ni ƙara na ƙwace masa sana'a. Shi Yaya ba ya neman aiki, ya gaji rumfar Baba ta dillanci a kasuwar bisashe. Inna ta ce, "Wanga shi ne aikin?" Na ce hanyar aikin ce. Ta ce hanyar ta yi tsawo.

Lahadi, 8 ga Satumba

Akuya biyu, jaki ɗaya. Jakin ya koma gida da ƙafarsa, amma mai shi ya yi mini godiya a vokal, saƙon murya har na minti huɗu. Zan sa a dosiye.

Talata, 10 ga Satumba

Wani dattijo ya zo da kansa daga Tagriss, Agali. Taguwarsa, wato raƙumarsa, aka kora daga makiyaya, yau mako guda. Fara ce, kunnen hagu a tsage, shaidar wuta a wuya kamar sawun tsuntsu. Hotonta ɗaya ne a 'yar salularsa. Rabin awa yana kwatanta ta: yadda take tafiya, abin da ba ta ci, har akalarta ta fata mai ja da kore wadda matarsa ta tuƙa. Na so in ce masa gurbin rubutun bai kai haka ba.

Ta bar ɗa mai wata biyu. Ya ƙi nonon akuya. "In ta wuce kwana ashirin, ɗiyata, biyu na rasa."

Na saka. Kafin la'asar mutum ɗari uku sun tura. Na yi murna. Bari in faɗi gaskiya tunda ni kaɗai ce a nan: murnar ɗari ukun na yi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Wani Jafaru, ban san shi ba, ya rubuta a ƙasan hoton: "Na gan ta Juma'ar da ta wuce a kasuwa, akalarta a hannun Sha'ibu na Cindo." Mutum uku sun ce su ma.

Na karanta sunan Baba sau biyar.

A kasuwarmu dillalin da ya karɓi akala shi ne ya tsaya wa mai dabba. Shi ya sa Baba, Allah ya ji ƙansa, ba ya karɓar igiya hannun mutum sai ya san gidan da ya kwana da wanda ya sauke shi. Ina 'yar shekara shida na haddace wannan, ni da ba za a taɓa ba ni rumfa ba.

Yaya ya shigo da azahar babu sallama. Wai baƙo ne mai rawani ya kawo ta, yana sauri, uwarsa ba lafiya. Wai mai saye ya loda ta a kamyo, babbar motar kaya, zuwa kudu tun ranar. Wai bai sani ba.

"Ki cire, Hamdiya. Sunan Baba ne aka ja a ƙasa."

Na ce wa ya ja shi? Da ban faɗa ba. A'a, da na faɗa da ƙarfi.

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Cire mishi. Raƙumar wani ta hi miki ɗan'uwanki?"

Juma'a, 13 ga Satumba

Na goge.

Asabar, 14 ga Satumba

Yau na koyi abin da ban karanta ba lokacin da nake zaɓen shuɗi. Haɗin nan fita kawai ya sani, bai san komowa ba. Na goge a bulog, yana nan a Fesbuk. Na bi shi can na goge. A banza. An riga an ɗauki hoton shafin, yana yawo a kowane rukunin Watsab daga nan har Ɗan Gulbi, wani yana karanta shi a vokal da Hausa, wani da Fulatanci, wani da Tamashek. Yanzu an ƙara masa wutsiya: ƙanwar dillalin ce mai shafin, kuma ta goge.

Ban ceci Yaya ba, na dai shiga sahunsa. Na yi rashin gaskiya, kuma ban ma iya shi ba.

Litinin, 16 ga Satumba

Agali ya zo. Na ɗauka da jandarma zai zo, ko da ihu. Ya zauna a zaure ya ajiye sandarsa. Yaya ya bi ta ƙofar baya, wai yana da uzuri.

"Ɗiyata, an ce mini hoton ma ya ɓata. Na ce bari in zo in ba da cigiyarshi."

Na ce matsalar rezo ce.

Ya dube ni. Ba fushi a idonsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. "I, rezo," ya ce.

Na tambayi lafiyar ɗan taguwar. Ya ce ya daina kuka, kuma gara lokacin da yake yi.

Inna ta aiko da ruwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye kwanon a gefe. Mutumin da ya yi tafiyar wuni a bayan mota. Da ya tafi na ɗauki kwanon a cike. Na yi darasi guda a jami'a a kan ma'anar ƙin shan ruwan gida, na ci sha shida bisa ashirin.

Juma'a, 20 ga Satumba

Sarkin dillalai ya yanke: Yaya ba zai sake taɓa igiyar kowa ba sai ya kawo taguwar ko wanda ya kawo ta. Ƙarfe sha ɗaya na ranar kasuwa yana gida, kwance da takalmi a ƙafa. Shekara talatin rumfar Baba ba ta taɓa wuni babu kowa ba.

Ba ya cin abin da na dafa. Inna kuwa ta daina kiran sunana, bango take yi wa magana. "A ce wa mai bulog ta kwashe shanya."

Ni ce na goge musu. Wannan ba ya cikin labarin.

Talata, 24 ga Satumba

Zalika ta kira tana ihu. Diraktansu ya ga shafin, mabiya dubu biyar, wai irin abin da suke nema ke nan. "Kin tona ɓarawo da salula, ƙawa! Ki turo dosiye kafin talatin ga wata." Ba ta lura da sunan ba. Ko ta lura, ta ga ba ya rage adadin.

Shekara huɗu ina jiran wannan kiran. Na ce to.

Alhamis, 26 ga Satumba

Yaya yana Maradi neman mai kamyo, Inna ta ce wa bango a share ɗakinsa. Na shiga.

A bayan ƙofa, a kan ƙusa, ƙarƙashin tsohuwar rigarsa. Akala ta fata, ja da kore.

Na zauna a bakin gado da tsintsiya a hannu. Ba a sayar da dabba da akalarta. Mai dabba, ko kuka yake, sai ya kwance igiyarsa ya naɗe ya tafi da ita gida. Wanda ya juya ya bar akala irin wannan, ba shi ya ga an tuƙa ta ba. Kowane ɗan Cindo ya san haka. Yaya ya sani tun kafin kamyo ya tashi, kuma yana da lokacin da zai ce a tsaya.

Ya ma ajiye ta. Don tana da kyau, ina ji.

Asabar, 28 ga Satumba

Yaya ya dawo hannu wofi, an ce taguwar ta ƙetare iyaka. Na ajiye masa akalar a kan tabarma kusa da abincinsa. Ya dube ta, ya dube ni. "To, mi kike so in yi?" Na ɗauki akalar na fita. Bai sake tambaya ba.

Wani ya turo vokal daga Tagriss. Ɗan taguwar ya mutu ranar Laraba.

Litinin, 30 ga Satumba

Na mayar da cigiyar. Na rubuta a ƙasa cewa ni na goge ta, da hannuna. Yaya ya gani, Inna ta ji. Yau ko bangon ba a ba saƙo ba.

Akalar na ba direban motar Tagriss, na naɗe ta a ɗankwalina mai kyau, don shi ne a kusa. Hoton dipilom ma na cire shi daga sama, na sa na taguwar. Ya fi dacewa da shuɗin, ba wani abu ba.

Dosiye bai tafi ba. Rezo.

Wata mata daga Ɗan Gulbi ta aiko hoton tumaki biyu. Ban saka ba tukuna, ina jira ta amsa. Na tambaye ta ko sun bar 'ya'ya.