Littafinka Ya Sa Mijina Cin Doya

Daga Zongon Kumasi, zuwa ga Autana a Ikko. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya jiki, yaya ciniki da mutanen gidan da ka sauka?

Bayan haka, littafin hotunan da ka aiko wa ɗanka Sule ta hannun fataken goro ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ya tarar da mijin nawa ya tashi daga ƙyanda, amma ya ƙi abinci, ko koko ba ya haɗiyewa. Ya rame har na fara tsorata.

Rubutun Nasara ne, ban iya ba, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Muka zauna ina nuna masa zagayayye, da mai kusurwa uku, da mai huɗu. Da safe na yanka doya kamar na littafin, na soya. Na ce, "Maigida, wannan mai kusurwa nawa ce?" Ya ƙirga, ya ce uku. Na ce ƙarya ne, sai dai ya ciji guda mu gani. Ya ciza, ya tarar sun ƙaru. Haka ya yi ta gyara ta har ya cinye.

Yanzu kumatu sun dawo. Jiya ya ce bakina ne zagayayye, tunda ba haƙori. Ka ji sakayyar miji.

Ka gaida maigidanka da abokan tafiya. Ka sa mu a addu'a, Allah ya ƙara wa Sule lafiya, ni kuma ya bar ni da doya.

Innarka