Gadon da na kafa wa Hajiya a mota

Lahadi da dare, Yuli 2016, unguwar Soundview

Yau na gama aikin. Tsohuwar motar da nake dakon kaya da ita ta zama ɗaki, har da gado da risho. Don matata Hajiya na yi, mu je Ohio ganin jikoki, in ta gaji mu tsaya ta kwanta, tunda ƙafarta ba ta jure zaman bas.

Bashir, ɗan da na haifa, ya sha cewa, "Baba, gadon nan ya yi sama da yawa." Na ce wanda bai taɓa riƙe guduma ba ya rufe min baki. Ƙarƙashin ai wurin buhun shinkafa ne.

Da la'asar na kira ta. Ta dafa katifa, ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta sake gwadawa, maƙwabta suna kallo. Sai ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ya yi kyau. Da dai ka kira ni tun kana awo."

Wallahi gara ta zage ni.

Yanzu Bashir wai a ba Turawa hayar motar. Ba zan bayar ba. Gobe zan kwance gadon, amma sai ya tafi aiki.