Ƙafar Sajan

Litinin, 3 ga Yuni, 1991
Sajan ya sake sara na a ƙwauri, jini har cikin safa. Zakaran banza, marar mutunci! Ba don shi kaɗai ya rage cikin kajin marigayiya matata Bernice ba, da tuni ya sha barkono. Na ɗaure shi a gindin gwaiba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Yana ɗingishi. Igiya ta ci masa ƙafa, tafin kuma ya kumbura kamar goro, da baƙin ɓawo a tsakiya. Yau bai yi cara ba. Gidan tsit, kamar an kwashe kaya.

Asabar, 8 ga Yuni
'Yata Stella ta leƙo daga Kaduna. Wai, "Baba, kaza ce fa, ka yanka ka huta." Kaza! Ita da ko kwana ba ta yi. Da ta tafi na gwada tsaga kumburin da reza. Ido hazo. Ya fizge, ya kifar da ruwan gishirin da na haɗa, ya ƙara mini sara. Ni da na yi ƙuruciyata ina juya jiragen ƙasa a tasha!

Lahadi, 9 ga Yuni
Ya ƙi cin dawa. Sai an sami mai riƙe shi. Babu kowa sai maƙwabcina Lawal, wanda ko gaisuwa ba ta haɗa mu tun rikicin '87. A da, duk kazar da za mu ci shi Bernice ke kai wa ya yanka, don gidansa ma su ci. Ba zan je ba.

Talata, 11 ga Yuni
Na je. Na miƙa masa zakaran cikin buhu, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya dube ni, ya shiga gida, na ji yana ce wa matarsa, "Ruƙayyatu, ɗora ruwan zafi!" Sai ga shi da wuƙa. Ya taka fukafukai, ya fuskanci gabas. Na kurma ihu, "Kai! Wa ya ce ka yanka?"
"To Malam Simon, in Kirista ya kawo wa Musulmi zakara, me zai yi masa? Aski?"
Na nuna masa ƙafar. Ya yi tsaki, ya karɓe rezar da na zo da ita, ni na riƙe zakaran. Mugunya ta fito, da wani abu mai tauri kamar ƙwayar masara. Da ruwan figar muka wanke, muka shafa man kaɗe, muka naɗe da tsumma. Sajan ya sare shi a babban yatsa. Wai, "Halin mai shi ne." Tsohon kawai.

Asabar, 15 ga Yuni
Kullum Lawal yana shigowa canza tsumma. Surutu kamar rediyo. Har shayina ya raina, wai ba sukari.

Litinin, 17 ga Yuni
Sajan ya yi cara. Murya kamar tsohuwar ƙofa.

Juma'a, 21 ga Yuni
Ƙafar ta warke sarai, yau har akuya ya kora. Ban gaya wa Lawal ba. Na mayar da tsumman na ɗaure, kada ƙasa ta shiga. Na fito da kujerar Bernice gindin gwaiba, tana neman rana ne kawai. Na sayo sukari.