A Haɗa Mini Kadana

Daga: Gagara-Kada, tsohon masunci,
Mamban Ƙungiyar Masu Zane ta Unguwa.
11 ga Maris, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ɗakin Adana Kayan Tarihi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YANKA KADANA GIDA UKU

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ne wanda kada ya kama a cinya ina saurayi, ya ɗanɗana ya tofar. Ban yi boko ba, surukata ke rubuta wannan, na kuma hana ta gyara mini magana. Ranar 8 ga wata na leƙa zauren da kuke shirya baje kolin tsofaffin zane-zanen ƙungiyarmu, na dawo ko abinci ban ci ba.

1. A ƙungiyarmu kowa allon katako ɗaya ake ba shi. Kadana ya ƙi shiga allo ɗaya, don ba ƙaramin kada ba ne. 'Yan ƙungiyarmu biyu, tela da mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙansu, suka bar mini nasu, na zana shi a alluna uku. Ma'aikatanku sun raba su, kowanne da bangonsa.

2. Kan, mai haƙoran da suka san ƙashina, an rubuta masa "Zarton Kafinta". Gadon bayan an ce "Kunyoyin Gona", har na ji wata mai tabarau tana yabon damina a gabansa. Wutsiyar kuwa an rataye ta a tsaye kusa da bayi, wai "Kuɓewa". Ranka ya daɗe, kuɓewa ba ta taɓa karya wa mutum kwalekwale ba.

3. Duka ukun an ce ba a san mai zanen ba. Duk 'yan ƙungiyar sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, kuma kullum ina wucewa ta ƙofarku a kan keke. Ba wanda ya tambaye ni.

4. Ƙanin matata tun aurenmu yake yaɗa cewa damo ne ya cije ni. Ranar 16 ga wata zai zo kallon buɗe baje kolin, ya kuma yi alkawarin kawo jikokina a motarsa. In suka tarar da kuɓewa, da wane baki zan sake ba su labari?

Don haka ina roƙo cikin ladabi a jera allunan kafin ranar: kai, baya, wutsiya. In bango ya gaza, a sha kwana da shi, amma kada a rage ko taƙi ɗaya.

In ana son shaida, tabon yana nan, zan naɗe wando a ofishinku. In an ji kunyar haka, a dubi idon kadan da kyau. Ban iya sa hannu ba, da babban yatsana na dangwala shi. Ga ɗan'uwansa nan a ƙasa, a gwada.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Gagara-Kada
(dangwalen yatsa, da koren fenti)