Jakar da Ke Ƙarƙashin Rigata

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

Ba basur ba ne. Kusan shekara ina ganin jini a bayan gida ina shan sassaƙe, duk wanda na yi wa zancen sai ya ba ni sunan wani mai magani. Yau a asibiti lokotoro ya ce ciwon daji ne a ƙarshen hanji. Na ce mishi shekarata talatin da huɗu fa. Ya ce ya sani, kuma ba ni ne ƙarami cikin waɗanda ya gani ba.

Tsahara, matata, ita ta yi ta tambayoyi. Ni kallon fanka kawai nake yi.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na shaida wa diraktan lakwal ɗinmu na Tibiri, makarantar da nake koyarwa, cewa za a yi mani aiki a ciki. Ban ce wane iri ba. Ba na so kowa ya sani. Ko yayana Ya'u, Tsahara ce ta kira shi ba da sanina ba. Kafin azahar ga shi daga Jiratawa, laka a ƙafa, da ƙunshin zogalen gonarshi. Ya zauna bakin ƙofa ya ce, "Idi, ni za ka ɓoye wa?"

Alhamis, 13 ga Maris

Na farka. Alhamdu lillahi. Sun cire abin.

Sun kuma huda mani ciki ta hagu, sun manna jaka, ta nan ƙazanta za ta riƙa fita. An yi mani bayani tun kafin aikin, amma ji daban, gani daban.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ina gida, a unguwarmu ta Zariya. Ina jin tafiyar mutane zuwa masallaci. Ban je ba, ko sallar Idi ban je ba. Yaya zan shiga sahu da najasa a jikina? Ɗana Nabil ya zo da gudu zai faɗa mani a ciki na daka mishi tsawa. Yaro ɗan shekara huɗu. Har yamma bai ƙara matsowa ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Wani baƙo yau. Maman Lawali, bakaniken moto ne a Tibiri, ma'aikaciyar asibiti ce ta roƙe shi ya leƙo ni. Na ji haushi da farko. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ɗaga riga, ashe shi ma da jaka. Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal:

"Mushe, duba. Tawa ta girmi ɗiyata ta ƙarshe."

Dariya ta kuɓuce mani, har ɗinkin ya yi zafi. Ya nuna mani yadda zan yanka bakin jakar daidai da hujin don kada fata ta ci, ya ce in yi hankali da wake da kabeji in zan shiga mutane, "in ba haka ba ta yi maka magana ana tsakar tahiya." Ya ce shi ma ya daina masallaci da farko, sai limaminsu ya ce mai lalura irin wannan ya tsabtace abin da zai iya, ya yi alwala, ya yi sallarshi.

Da ya tashi Tsahara ta auna ƙuguna. Ta ce za ta ɗinka mani ɗamara mai aljihu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na je masallaci. Na tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Limaminmu ma abin da ya ce mani ke nan jiya. Ba wanda ya kalle ni. Na daɗe cikin sujada.

Asabar, 14 ga Yuni

Yamai, ƙarin ruwan shimiyo, maganin ciwon daji. Bakina kamar na tauna ƙarfe, yatsu na tsikari. Ya'u ya bar gona a hannun maƙwabci ya rako ni. Shi ke wanke mani kwano. Mutumin da tun muna yara aike na yake yi.

Wata lokotoro ta ce tunda ya same ni da ƙuruciya, ƴan'uwana na ciki ɗaya su yi gwajin da ake duba hanji da kyamara. Ya'u ya ce, "Lahiyata lau." Ya fita neman shayi.

Lahadi, 6 ga Yuli

Tahira, matar Ya'u, ta faɗa wa Tsahara a asirce: shi ma yana ganin jini tun kafin azumi. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba.

Na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Na same shi yana juya ruwa cikin fangalin zogale. Na yi magana, na kawo sunan ɗiyanshi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ni a sa ma abu ta baya? Ina babba? Basur ne, Idi, na Baba ma haka ya yi."

Na ce, "Yaya, Baba mi ya kashe shi? Wa ya duba?"

Ban san lokacin da na ɗaga riga na kwance ɗamarar ba. Duk zaman da ya yi da ni a asibiti bai taɓa yarda ya kalli jakar ba. Ga masu ban ruwa biyu a gonar gefe, sun gani, na san sun gani.

Na ce, "Kunya ce ta kai ni nan. Na gode Allah da ya bar ni da rai, amma ba na so ka sa irinta."

Ya jingine galma. Ya ce in rufe, rana na dukanta.

Talata, 5 ga Agusta

An duba Ya'u a Yamai. Tsiro biyu ƙanana, an cire su nan take, ba a yanka shi ba. An ce da an bar su za su iya rikiɗa. Yana farfaɗowa ya ce, "Shi ke nan? Barci kawai na yi." Na fita waje na yi kuka, wanda ban yi wa kaina ba.

Ƙanwarmu Nafisa ta ce ita ma a sa ta layi.

Laraba, 17 ga Satumba

Shimiyo ya ƙare. Za a ci gaba da duba ni lokaci lokaci, ba a ce na tsira ba tukuna. Tsahara ta yi dambu, ta aika wa Maman Lawali kwano guda. Na ci har na ƙara.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na koma aji. Yara sun ce na rame, na ce su buɗe littafi. Sai da aka tashi na lura ban kai hannu cikina ba ko sau ɗaya.

A ɗakin malamai Mushe Zakari na ta yabon wani maganin basur, wai jinin ya ragu. Na ce ya zo mu yi magana a waje. Ya ce in faɗa nan, ai duk mu ne. To, na faɗa. Duka. Har malamai mata.

Dirakta ya ce in maimaita a taron iyayen yara ranar Asabar. Na ce mishi ni ba mai irin wannan ba ne, zan yi tunani.

Na dai ce wa Tsahara ta goge mani farar rigata.